Makarar da Ta Ƙi Fita Zaure

Kai ma ka gan ta, kada ka ce mini ba ka gan ta ba. Tana nan jingine a bayan masallacinku, kusa da tankin alwala, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, awaki su sosa jiki da ita. Sau biyar kake wucewa ta gabanta kullum, sau biyar kake kau da kai, kamar an ce maka idan ka dube ta za ta kira sunanka. Makara nake nufi. Kun sa wa masallaci tayil, kun sa fanka, kun sayi lasifikar da ake ji har Wamakko, amma abin da za a ɗauke ku a kai kun bar wa gara.

Ta layinmu a Tudun Wada ta girme ni. Ni mace ce, ba na zuwa maƙabarta, don haka ban san yadda ta lalace ba sai ranar da Inna Maimunatu mai fura ta rasu. Mahaifina, Malam Junaid, ya dawo daga jana'iza ya zauna a ƙofar ɗakin kakata, Hajiya Sadiyatu, ya shanye kofin ruwa biyu, sannan ya yi magana.

"Yau Allah Ya ruhe muna asiri. Hannun makara ya karye daidai injin niƙa."

Hajiya ta ajiye carbinta. "Da Maimunatu bisa?"

"Da ita bisa. Alhaji Muntari mai hatsi na yat tare da kahwaɗa. Da rawanin Ladan munka ɗaure, munka ƙarasa."

"Ta hwaɗi?"

"Ba ta hwaɗi ba, Hajiya. Bargo dai ya zame kaɗan."

"Kaɗan," in ji Hajiya.

Kakata ta haura tamanin. Tun da aka kawo ta gidan nan, in ka cire aikin Hajji da asibiti, ba ta taɓa taka titi da rana ba. Ta daɗe tana kallon ƙafafunta, sannan ta ɗago.

"Shekara sittin ba namijin da ya ga ƙahwata bisa hanya. Sai ranar da ba ni iya jan zane za a zubda ni gaban masu niƙa?"

"Haba Hajiya, Allah Ya ƙara nisan kwana," in ji Baba. "Kwamiti za shi duba."

A nan ne na kasa yin shiru. "Baba, kai na sakataren kwamiti. Shekara nawa kuna dubawa?"

"Muhsina, ba maganar mata ta ba."

"Wadda anka kusa yarwa yau mace ta."

Ya kakkaɓe rigarsa ya fita majalisa, inda ake duba komai a zaune.

A bayan madafarmu akwai tarin katako da aka sauke lokacin da aka canza rufin gida, shekara shida ke nan. Dogayen katakan rufi, da tsohon ƙyauren ɗakin karatun marigayi kakana, duk ƙura da kashin kaji. Kullum ana cewa za a kira kafinta ya gani, ko a bai wa masu tuya su ƙona. Ni kuwa lokacin da nake jami'a, a ɗakin da muka kama a Kwalkwalawa, na taɓa haɗa kantar littattafai da hannuna, ta kuma tsaya, ko da yake sai da muka tokare ta da bulo. Wannan ne duk ilimina na kafinta. Ga shi an yi hutun makarantar da nake koyar da lissafi. Ga zarton kakana da gudumarsa a cikin akwatin ƙarfe. Me ya rage?

Washegari na ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, na jawo katakan zuwa tsakar gida. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da guduma. Wanda gara ta ci yakan amsa da wani irin sauti kamar tulun da ba ruwa, shi sai in jefa gefen murhu. Na samu dogaye biyu masu ƙwari, ƙyauren kuma lafiyarsa ƙalau, nauyi kamar dutse. Kwana biyu na yi ina zare tsofaffin ƙusoshi kawai, ina miƙar da su a kan dutsen niƙa. Babban yatsana ya sha guduma sau uku. Hajiya tana zaune a inuwar darbejiya tana lissafa mini.

"Ukku ke nan, 'yar boko. In kika kai goma sai mu yi miki sadaka."

"Hajiya, tashi ki kwanta in auna ki."

"Ke ki kwanta, ke da kike gaggawa."

Amma ta kwanta. Ta miƙe a kan tabarma ta haɗe ƙafa, ta rufe ido, har da kama numfashi. Na ja tef daga kai zuwa diddige, ashe 'yar mitsitsiya ce, duk faɗan nan nata a baki yake. Na ce ai ba ita kaɗai za a yi wa ba. Akwai irin su Ladan Tambari, wanda sai ya sunkuya yake shiga masallaci. Sai na yi shimfiɗar da tsawon da zai ɗauki dogon mutum. Na kafa mata makari a gefe da gefe, yadda ko an karkata ba abin da zai zame. Hannuwa kuma na bar su dogaye, kamu biyu gaba, kamu biyu baya, don mutum takwas su kama lokaci guda, kada nauyi ya taru a kafaɗar mutum huɗu. Na zana komai a takarda da rula. Na duba zanen na ji daɗin kaina ƙwarai. Na ce wato shekara da shekaru ba wanda ya yi wannan tunanin sai ni.

Baba ya shigo ya tarar ina fama da zarto, na danne katako da gwiwa, gumi na ɗiga daga haɓata.

"Mi kike haɗawa?"

"Abin da kwamiti ka dubawa."

Ya dubi katakan, ya dubi mahaifiyarsa. "Hajiya, kina gani? Cikin gida? Mutane su ji mi?"

"Su ji ƙarar zarto," in ji ta. "Matsa, ka tare mata haske."

Zarton ya tsufa, sai na riƙa shafa masa sabulu kafin ya yarda ya shiga. Ƙyauren na tsaga shi falle shida na jera a kan dogayen katakan, na bar 'yar tazara tsakani. Kowane mahaɗi na sa masa ƙusa uku, na lanƙwasa bakinsu ta ƙasa don kada su kama likkafani. Ƙafafu huɗu gajeru, na shafe su da baƙin man inji saboda gara. Daga nan sai samfefa. Wanda bai taɓa goge tsohon katako a zafin bazarar Sakkwato ba, kada ya ba ni labarin wahala. Tafin hannuna ya yi bororo, bororon ya fashe, ya sake yin wani.

Fenti kuwa kore na sayo, ƙaramin gwangwani, na sirka da kananzir. Shafin farko katakon ya shanye shi tas kamar ban shafa komai ba. Na biyu ya zauna. Kafin ya bushe kazar Hajiya ta haye ta bi ta kai tun daga wannan ƙarshen har wancan, ta bar mini sawu reras. Na bi ta da buroshi, Hajiya tana dariya har da tari.

"Bar ta! Ita ma ta zaka gwaji."

Na yi shafi na uku. Ranar kwana tara, Alhamis, makara ta tsaya a tsakar gidanmu tana ƙyalli. Na hau na yi tsalle a kai, ko motsi ba ta yi ba.

Bayan la'asar Baba ya shigo da Ladan Tambari don su fitar da ita. Ba don ya sauko ba ne, so yake ta bar masa gida. Ladan ya zagaya ta sau biyu, ya shafa makarin, ya jijjiga ƙafa guda.

"Ke kika yi wanga, ɗiyata?"

"Ni, Baba Ladan."

"Ma sha Allah. Ta yi ƙwari." Ya tsaya yana kallon hannuwan. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya rufe. "To, Malam, kama."

Gidanmu ginin da ne. Daga tsakar gida sai ka bi wani siririn lungu, ka yi kwana, sannan ka faɗa zaure, shi ma ƙofarsa ta waje ba ta kallon ta ciki. An yi shi haka ne don wanda ke titi kada ya hango matan gida. Baba na gaba, Ladan na baya, suka shiga lungun. Da suka zo kwana, hannuwan gaba suka tokari bango. Suka ja baya, suka karkata ta. Ta tokare. Suka ɗaga gaba sama, ta taɓo rufi. Suka juya ta ta gefe, ta kankare bango ta bar masa koren layi.

"Ɗaga naka!"

"Na ɗaga, Malam, ba wuri!"

"To sauke!"

"Ta danne mini yatsa!"

Suka dawo da ita tsakar gida suna haki. Baba ya share gumi da hularsa, ya dube ni, na ga wani murmushi da kwana tara yake ajiye da shi.

"Malamar lissahi. An auna kaka, an auna Ladan, ba a auna ƙohwa ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Sai a sare kusurwar bangon kaɗan."

"Bangon ubana? Saboda kin ci jarrabawa?" Ya juya wajen Ladan. "A kira mutum biyu, mu hidda ta ta katanga. Ta tahi masallaci, magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba," in ji Hajiya daga gindin darbejiya. Duk muka juya. "Abin da bai hita ba, ba shi shigowa. Ranar tawa, ta ina za a ɗauke ni? Ni ma ta katanga za ku jeho ni, awa akuyar sata?"

"Hajiya, ai sai a ajiye ta ƙohwar gida, a hiddo—"

"A hiddo ni hannu, cikin tabarma, gaban jama'a. Kai riƙe kai, wancan riƙe ƙahwa." Ta dube ni. Ba wasa a muryarta yanzu. "Muhsina, ke kika ce mini in kwantar da hankalina."

Kwana tara ina aiki don kada a ga kakata a titi, na ƙare da ƙera abin da zai tilasta a fito da ita titi.

Ladan Tambari ya sa takalminsa ya fita. Can sai muka ji sallama, ga shi da Alhaji Muntari mai hatsi, sun ɗauko tsohuwar makara, baƙa, karkatacciya, hannunta guda ɗaure da igiya. Suka zo kwanar nan, suka ɗan karkata kafaɗa, ta shigo sumul, ko bango ba ta taɓa ba. Suka ajiye ta kusa da tawa. Hannuwanta gajeru ne, da ƙyar suka kai kamu guda.

"Ɗiyata," in ji Ladan, "kahintan da ya yi wagga, ina yaro nig gane shi. Da igiya ya bi gidajen layin ga, zaure zaure, yana auna kwana. Wadda ta hi matsi ita ya yi wa makara. Kin san ta wane gida ta?"

Na nuna lungunmu.

"Ita ta."

"To Baba Ladan, ɗazu da kag ga hannuwan, don mi ba ka hwaɗa ba?"

"Na ce ko boko ya zo da wata dabara da ban sani ba."

Alhaji Muntari ya fashe da dariya, Baba ya taya shi. Ni ban yi ba. Na yarda tsohon kafinta ya fi ni hankali, na yarda a gabansu. Amma ga dattawa uku da suka san sirrin makarar nan tun ban zo duniya ba, sanin bai sa ɗayansu ya buga mata ƙusa guda ba. Na faɗa musu haka. Baba ya ce in iya bakina. Ladan ya ce, "Bar ta, Malam, gaskiya ta. Ɗauko zarto."

Muka ɗora tsohuwar a kan sabuwar. Tsawon shimfiɗata ya ɗan fi, amma in aka rage hannuwa, jimillar za ta zo daidai. Ladan ya ɗauki gawayi a murhu ya ja layi huɗu a kan koren fentina. Na durƙusa. Kowane jan zarto a ƙirjina nake jin sa. Guntaye huɗu suka faɗi ƙasa ɗaya bayan ɗaya, masu santsi, masu ƙyalli, shafi uku uku. Na goge bakin yankan da samfefa don kada ya soki hannun kowa.

"To, a gwada," in ji Baba.

"Da wohi za ku gwada?" Hajiya ta dafa bishiya ta miƙe. "Makara da wohi ai ko yaro ya juya ta. Da mutum bisa aka gane ta."

"Sai a aza buhun gero," in ji Alhaji Muntari. "Ina da shi shago."

"Gero ba shi hwaɗa maka in ka karkata shi."

Baba ya gane inda ta nufa. "Hajiya, don Allah. Wanga ba kyau. Da ranki?"

"Da raina nika son in sani. In na mutu wa za ni tambaya?"

Ba a ja da Hajiya. Ta shiga ɗaki ta fito lulluɓe da babban mayafi, ta zauna a bakin makara, ta cire takalmi ta jera su, ta yi bismillah ta kwanta. Ta ja mayafin har kan fuska. Daga ƙarƙashi muryarta ta fito.

"Mi kuka jira?"

Mutum uku ne maza, hannun makara huɗu. Suka dubi juna. Kafin wani ya ce a leƙa majalisa, na kama na baya na hagu. Baba ya buɗe baki.

"Bar ta ta kama," in ji mayafin. "Ita ta ƙera."

Muka ɗaga. Hajiya ba ta da nauyi ko kaɗan, katakon ya fi ta. Muka shiga lungu, Baba da Alhaji Muntari a gaba, ni da Ladan a baya, ni ina ɗaga hannu sama, shi yana sunkuyawa don mu daidaita. Ga kwana.

"Karkata dama," in ji Ladan. "Kaɗan. Haka."

Makara ta karkata. Na ji jikin Hajiya ya jingina da makarin da na kafa, ya tsaya a nan. Kusurwar baya ta wuce bango da tazarar da ba ta fi yatsa biyu ba. Muka faɗa zaure.

"Kai na gaban dama, kana rawa," in ji Hajiya.

"Ni na, Hajiya," in ji Baba, muryarsa wata iri.

"Na sani. Ka koya tun yanzu."

A bakin ƙofar waje ta ce a tsaya, ko taku ɗaya kada a ƙara. Muka sauke ta a hankali cikin zaure. Daidai lokacin wani mai sayar da ruwa ya turo kurarsa ta ƙofar gida, ya hango makara da mutum lulluɓe, ya saki kura ya dafe kai.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Malam, yaushe?"

"Ba yau ba," in ji Hajiya, ta yaye mayafin daga fuska. "Wuce da ruwanka."

Har jarka biyu ya bari a ƙofarmu, sai washegari ya dawo ɗauka.

Na kama ta ta zauna. Ta shafa makarin da tafin hannu, ta bubbuga shimfiɗar sau biyu, kamar mai sayen katifa.

"Ban zame ba," in ji ta. "To, ku kai ta masallaci. A sa ta inuwa, a ruhe ta. Ba gaggawa nike ba." Ta miƙo mini hannu. "Ke kuma ɗauko mini takalmina, ba ni taka zauren maza da ƙahwa tsirara."

An kai ta. Tana can a rumfar masallacinmu, an ɗora ta a kan bulo, an lulluɓe da buhu. Bakin hannuwan huɗu na bi su da ragowar fenti ranar Asabar, Ladan yana tsaye yana korar mini awaki.

Saura taku. Kada ka ce mini kwamiti, na san kwamiti, a gidanmu yake kwana. Yau in an sallame la'asar, kada ka tsaya gaisawa. Zagaya bayan masallaci, jawo ta fili, ka dube ta da ido biyu. Jijjiga hannuwan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Hau ka zauna da duk nauyinka. In ta yi ƙara, akwai tsohon katako a bayan gidanku, akwai guduma a gidan maƙwabci. Tashi ka je yau.